Folda ta jonu amma ta hana rubutu: yadda ake warware rikicin izini a NFS da Samba

Lokacin rubuta furojet ne, shagunan buga takardu na Samaru sun cika maƙil, sai wayata ta yi ƙara. Yaron wani shago ne da nake duba musu kwamfutoci. "Malam, kwamfuta ta biyun nan ta ƙi ajiye aiki. Ana ganin folda, ana buɗe komai, amma da an ce ta adana sai ta ƙi." Na tambaye shi me ya gwada. Ya ce ya buga sudo chmod 777 har sau uku, wato umarnin buɗe wa kowa folda da ikon root, babban asusu mai iko da komai a kwamfutar, ita kuma ta ce masa Operation not permitted. "Malam, ni ne fa root. Wa ya isa ya hana root?"

Shagon kwamfutoci huɗu ne, duk Ubuntu, domin mai shagon ya gaji da bairas ɗin da filashin ɗalibai ke kwaso masa. Akwai ta biyar, tsohuwa, a ƙarƙashin tebur, ita ce sabar. A cikinta foldar /srv/aiki take, sauran kuma suna jona ta a /mnt/aiki ta hanyar NFS, tsarin raba fayil da kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi a 1984. Da wannan shagon zan yi misali har ƙarshe. Sabar tana 192.168.10.2, mai amfani da kowace kwamfuta kuma sunansa buga.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin ka taɓa komai: NFS ba ta san sunanka ba, lambarka ta sani, kuma sabar ce ke yanke hukunci, ba kwamfutar da kake zaune a gabanta ba. Kamar zauren jarrabawa ne. Ka yi ta faɗin sunanka, mai sa ido lambar rajista kawai yake dubawa a takardarsa.

Fara da karanta abin da ta ce

Mutane suna cewa "ta ƙi" su tsaya nan, alhali ƙin iri uku ne, kuma kowanne da inda ciwonsa yake.

In tun wajen jonawa ta ce access denied by server while mounting, ba ka ma kai ƙofar folda ba. Je ka sabar ka buɗe /etc/exports, fayil ɗin da ke lissafa foldojin da aka raba da waɗanda aka yarda su jona. Layin shagon ya kamata ya yi kama da wannan:

`/srv/aiki 192.168.10.0/24(rw,sync,no_subtree_check)`

Duba ko adireshin kwamfutarka yana cikin waɗanda aka lissafa. In rawuta ce ke raba adireshi, yana iya canzawa bayan an kashe an kunna, shi ya sa na fi son a rubuta zangon gaba ɗaya maimakon adireshi ɗaya-ɗaya. Bayan kowane gyara sai ka buga sudo exportfs -ra, sannan sudo exportfs -v domin ka ga abin da sabar ta fahimta, ba abin da kake zaton ka rubuta ba. Tashar 2049 ta kasance a buɗe in akwai katangar tsaro. NFS 4 ita kaɗai take buƙata, NFS 3 kuwa sai an haɗa da 111 da tashar mountd, shirin sabar da ke karɓar buƙatar jonawa. Wanda ke gwaji daga cikin VirtualBox, manhajar tayar da kwamfuta a cikin kwamfuta, da NAT, tsarin da ke fitar da ita da adireshin uwar kwamfutar, shi ma yakan ci karo da wannan saƙon, saboda sabar tana sa ran buƙata ta fito daga tashar da ke ƙasa da 1024, NAT kuma tana sauya ta. Ƙara insecure a layin yana warware wannan.

Ga ɗan hakin da ka raina: tazara ɗaya tak tsakanin adireshi da baka. In ka rubuta 192.168.10.0/24 sannan ka bar fili kafin (rw), ma'anar ta juye. Kwamfutocinka za su samu karatu kawai, kowa da kowa a duniya kuma ya samu rubutu. Na taɓa ɓata rabin yini a kan wannan filin.

Saƙo na biyu shi ne Read-only file system. Wannan mai sauƙi ne. In ba a rubuta rw a /etc/exports ba, NFS karatu kawai take bayarwa. Duba can, sannan ka buga findmnt /mnt/aiki a kwamfutar aiki ka ga ko ba a jona ta da ro ba.

Na uku, Permission denied bayan folda ta jonu lafiya. A nan gizo ke saƙa.

Kwatanta lambobi

Zauna a kwamfutar da ke ba da matsala, a matsayin mutumin da aka hana, ka buga umarni biyu:

`id`

`ls -ldn /mnt/aiki`

Harafin n ɗin nan shi ne sirrin. Yana hana ls fassara lamba zuwa suna, sai ta nuna maka abin da ke tafiya a waya. A shagon nan, id ta ce buga lambarsa 1001. Folda kuma ta 1000 ce, da izini drwxr-xr-x, wato 755: mai ita ya karanta ya rubuta ya shiga, saura su karanta su shiga kawai.

Yadda aka yi kuwa, Ubuntu tana ba wanda aka fara ƙirƙira lamba 1000, na biye 1001, haka har gaba. A kwamfuta ta ɗaya buga aka fara yi, ya samu 1000, ya dace da mai folda a sabar, faɗuwa ta zo daidai da zama. A ta biyun wanda ya sa Ubuntu ya fara yi wa kansa asusu, sai buga ya zo na biyu. Suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, amma a idon sabar mutum biyu ne. A tsarin da aka saba, wanda ake kira sec=sys, kwamfutar aiki tana tura lambar mutum da lambar rukuninsa tare da kowace buƙata, sabar ta ɗora su a kan izinin folda ta yanke. Ba ta tambayar kalmar sirri ko sau ɗaya.

Wannan yana da wata fuskar da ya kamata ta ba ka tsoro. Duk wanda ya zama 1000 a kowace kwamfuta da aka yarda da adireshinta, shi ne mai folda. Ɗalibi ya zo da laftof ɗinsa mai Ubuntu, ya soka waya a rawutar shago, shi ma 1000 ne. Saboda haka kada ka bar foldar da ake rabawa a hannun 1000, kuma kada layin da kwastomomi ke hawa ya zama shi ne layin sabar.

Abin da ya sa sudo ba ta ci ba

Amsar tambayar yaron nan ita ce root_squash. Kunne yake ko ba ka rubuta shi ba. Duk buƙatar da ta zo da lamba 0, lambar root, sabar tana mai da ita 65534, wato nobody, wanda bai mallaki komai ba. To ka ga da ya sa sudo, ƙasa ya ƙara yi. A matsayin buga aƙalla yana da lamba, a matsayin root kuwa ya zama ba kowa ba. Sarkin wani gari ne ya shigo garin da ba nasa ba.

Za ka ga masu cewa a ƙara no_root_squash a huta. Zai yi aiki, amma gyaran gangar auzinawa ne. Ka ba duk mai sudo a kowace kwamfuta damar share ko sauya komai a foldar, har ya ajiye shirin da zai tashi da ikon root. Yana da gurbinsa, kamar kwamfutocin da ke tashi daga sabar ba su da faifan kansu, amma ba shagon da yara huɗu suka san kalmar sirri ba. Dokar ita ce: chown (sauya mai folda) da chmod (sauya izini) na foldar da aka raba, a kan sabar ake yin su.

Yaron ya ce ai akwai ranar da chmod ɗin ta karɓa ba gardama, amma ba abin da ya canza. Gaskiya ne, ranar folda ba ta jone. Abin da ya sauya shi ne izinin /mnt/aiki ta gida, fankon folda da ake ɗora ta sabar a kai. Da zarar an jona, izinin ta sabar ya rufe nata ruf, kamar an shimfiɗa darduma a kan tabarma. Riƙe wannan, za mu dawo kansa, domin ya haifar da wata ɓarnar daban.

Gyara na farko: kowa ya zama mutum ɗaya

In wurin ƙarami ne kuma ba ka damu da sanin wa ya ajiye me ba, wannan ce hanya mafi gajarta, ita na bi a shagon. A kan sabar:

`sudo groupadd -g 2000 shago`

`sudo useradd -u 2000 -g 2000 -M -s /usr/sbin/nologin shago`

`sudo chown -R 2000:2000 /srv/aiki`

`sudo chmod 770 /srv/aiki`

Sai layin /etc/exports ya koma:

`/srv/aiki 192.168.10.0/24(rw,sync,no_subtree_check,all_squash,anonuid=2000,anongid=2000)`

Ka bi shi da sudo exportfs -ra. Yanzu ko wace lamba kwamfuta ta turo, 1000 ko 1001 ko 0, sabar tana ɗaukarta a matsayin 2000. Ba sai ka taɓa kwamfutocin aiki ba. Mutane da yawa suna sa all_squash su manta da anonuid, sai kowa ya zama 65534 alhali folda ta wani ce, su ga an gudu ba a tsira ba. Lambar da ke anonuid dole ta zama ita ce mai folda.

Kuɗin wannan sauƙin shi ne duk wanda ya iso layin yana iya share aikin kowa, kuma ba za ka taɓa sanin wanda ya yi ba. Na gaya wa mai shagon haka. Ya ce, "Malam, ai dama mu huɗu ne, in abu ya ɓata na san wanda zan kama."

Gyara na biyu: daidaita lambobi da rukuni

Ofishin da ke da akanta da sakatare da masu shigar da bayanai ba zai yi da na farko ba. Nan sai kowa ya samu lambarsa, iri ɗaya a kowace kwamfuta har da sabar. Rubuta su a takarda tukuna, ka fara daga 2001 domin ka kauce wa waɗanda Ubuntu ke rabawa da kanta.

Sauya lambar wanda ya riga ya wanzu yana son natsuwa. Ya fita daga asusunsa gaba ɗaya, kai kuma ka shiga da wani asusun mai sudo:

`sudo usermod -u 2001 buga`

`sudo find / -xdev -uid 1001 -exec chown -h 2001 {} +`

Umarnin farko yana gyara fayilolin da ke cikin gidan mutumin, na biyu yana kwaso waɗanda suka warwatsu a wasu wuraren. Kada ka cire -xdev, shi ke hana find tsallakawa cikin foldar da aka jona. Fayilolin da ya riga ya ajiye a sabar da tsohuwar lamba, can za ka je ka sauya su.

Sai rukuni. Ƙirƙiri ofis da lamba 3000 a ko'ina da sudo groupadd -g 3000 ofis, ka saka mutane da sudo usermod -aG ofis buga. A kan sabar:

`sudo chgrp -R ofis /srv/aiki`

`sudo chmod -R g+rwX /srv/aiki`

`sudo find /srv/aiki -type d -exec chmod g+s {} +`

Layin ƙarshe yana sa duk sabon abin da aka ƙirƙira ya gaji rukunin foldar da aka haife shi a ciki. In babu shi, yau komai lafiya, gobe akanta ya yi sabuwar folda da rukunin kansa, sakatare ya kasa shiga, a sake kiranka. Babban X ɗin kuma da gangan ne: yana ba foldoji izinin shiga ba tare da ya mai da kowane fayil shiri ba. A kan folda, x ba ya nufin gudanarwa, yana nufin ratsawa. Folda mai rw babu x, za ka ga sunayen abin da ke ciki amma ba za ka taɓa ko ɗaya ba. In ka rasa inda aka tare ka, namei -l da cikakkiyar hanyar fayil za ta jero maka izinin kowace ƙofa daga tushe. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba na raba folda daga cikin /home: tun daga Ubuntu 21.04 gidan kowa 750 ne, baƙo ba ya ratsawa.

Tsugune ba ta ƙare ba, saura umask, saitin da ke yanke izinin da sabon fayil zai fito da shi. In ka buga umask ta ce 0022, sabbin fayiloli za su fito ba izinin rubutu ga rukuni, kowa ya ga aikin ɗan'uwansa amma ya kasa gyarawa. 0002 ake so. A Ubuntu ana saita shi a /etc/login.defs. Kada ka yarda da abin da baƙin allo ya nuna kawai, buɗe manhajar da suke aiki da ita, ka adana fayil, ka duba shi da ls -ln. Za ka iya ƙarfafa shi daga sabar da sudo setfacl -R -d -m g:ofis:rwx /srv/aiki, wanda ya fi tafiya daidai in an jona da NFS 4.2.

Akwai tarko biyu a rukuni. Na ɗaya, sec=sys rukuni 16 kacal take iya ɗauka ban da na asali, mai fiye da haka sai a yanke na ƙarshe ba sanarwa. Na biyu ya fito ne daga maganin na ɗayan. Akwai zaɓin manage-gids, wanda Ubuntu ke kunnawa a sabar, a sabbin fitowa yana cikin /etc/nfs.conf. In yana kunne, sabar tana watsar da jerin rukunin da kwamfutarka ta turo ta duba nata. Sai ka saka mutum a ofis a kwamfutarsa, id ta nuna yana ciki, amma a hana shi, domin a littafin sabar ba ya ciki, ko ma babu mai wannan lambar sam. Buga id 2001 a kan sabar, abin da ta ce shi ne gaskiya.

Bayan kowane sauyi, mutum ya fita ya sake shiga kafin sabon rukuni ya kama shi. Kwamfutar aiki kuma tana riƙe bayanan folda har daƙiƙa 60 kafin ta sake tambaya, sabar ma tana riƙe na rukuni na wani lokaci. Kafin ka ce gyara bai yi ba, cire folda ka sake jonawa, in ta kama ka sake tayar da nfs-server. In kwamfutoci sun kai gomai, bar bin su da takarda, ka nemi rumbun asusu ɗaya irin LDAP ko FreeIPA, da Kerberos in ana son tantance mutum da gaske.

In komai ya koma nobody

Wani lokaci ls tana nuna kowane fayil na nobody ne, ko wata doguwar lamba 4294967294. NFS 4 ce ke ƙoƙarin fassara sunaye ta kasa. Buɗe /etc/idmapd.conf a ɓangarorin biyu, layin Domain ya zama iri ɗaya, sannan sudo nfsidmap -c a kwamfutar aiki, ka sake jonawa. Amma kada ka ruɗu. Da sec=sys, wannan abin da ido ke gani kawai yake gyarawa. Hukuncin karatu da rubutu yana nan a kan lambobi.

Mai Fedora, Rocky ko AlmaLinux yana da ƙarin mai gadi, SELinux. In lambobi sun dace, mutum yana rubutu amma wata manhaja kamar Apache ta kasa, duba sudo ausearch -m avc -ts recent. Sau da yawa setsebool -P httpd_use_nfs 1 ne maganin, ko use_nfs_home_dirs ga masu gidaje a sabar. Kada ka kashe SELinux ɗungurungum saboda wannan.

In foldar ta Windows ce ko Samba

Nan lissafin ya juye. SMB, tsarin raba fayil na Windows wanda manhajar Samba ke kawowa Linux, tana shiga da suna da kalmar sirri ta tashar 445, sabar ta san mutum ɗaya, wanda aka jona da sunansa. Matsalar da aka fi gani a gida take: ka jona da sudo, sai Linux ta nuna komai na root ne, ta hana ka tun kafin buƙata ta fita. Gaya mata na wane ne. Sa manhajar cifs-utils, sannan a /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa abin da kwamfuta za ta jona in ta tashi:

`//192.168.10.2/aiki /mnt/aiki cifs credentials=/root/.sirri,uid=2001,gid=3000,file_mode=0660,dir_mode=0770,_netdev,nofail 0 0`

Fayil ɗin .sirri layi biyu ne, username= da password=, ka kulle shi da chmod 600, domin kowa yana iya karanta fstab. Su uid da dir_mode ɗin nan ƙofar gida kawai suke buɗewa, ba sa ba ka abin da sabar ta hana. A Windows ƙofa biyu ce, izinin rabawa da izinin NTFS, wanda ya fi tsauri shi ke cin nasara. A Samba ma biyu ce: smb.conf, inda read only yake a yes in ba ka sauya ba, da izinin folda na Linux a ƙarƙashinsa. force user da force group su ne takwarorin all_squash a can.

Ranar da aka ɗauke wuta

Bayan sati biyu yaron ya sake kira, muryarsa na rawa. Babi na huɗu na wata ɗaliba ya ɓace, kuma washegari za ta kai wa malaminta. Ya rantse ya adana a /mnt/aiki.

Ya adana ɗin kuwa. An ɗauke wuta, aka tayar da janareta, kwamfutocin aiki suka riga tsohuwar sabar farkawa. Jonawa ta faɗi shiru, sai /mnt/aiki ta zama fankon foldar gida, wadda ya taɓa buɗe wa kowa da 777. Ya yi aikin yini guda a ciki. Da safe komai ya tashi daidai, darduma ta koma kan tabarma, babin ya shige ƙarƙashi. Na ce ya rufe duk manhajoji ya buga sudo umount /mnt/aiki, sannan ls /mnt/aiki. Na ji ya ce "Alhamdu lillahi" tun kafin in tambaya.

Kwashe abin da ka samu a ciki zuwa wani wuri, sannan, tana cire, ka rufe ramin:

`sudo chown root:root /mnt/aiki`

`sudo chmod 555 /mnt/aiki`

`sudo chattr +i /mnt/aiki`

Na ƙarshen yana hana ko root rubutu a fankon, amma ba ya hana jonawa a kansa. Sai layin fstab ya zama:

`192.168.10.2:/srv/aiki /mnt/aiki nfs4 rw,hard,_netdev,nofail,x-systemd.automount 0 0`

Da x-systemd.automount, ba a jonawa sai lokacin da wani ya buɗe foldar, don haka ko sabar ta makara ba komai. Bar hard yadda yake. In sabar ta mutu ana tsakiyar rubutu, manhaja za ta tsaya cak tana jira, abin haushi ne amma aiki ba ya lalacewa, soft kuwa tana iya haƙura ta bar maka rabin fayil. Buga sudo systemctl daemon-reload, ka sake kunna kwamfutar, sannan ka gwada da gangan: kashe sabar, ka yi ƙoƙarin adana wani abu a /mnt/aiki, ka tabbatar ta ƙi. Kunna sabar, jira ta gama tashi, ka sake gwadawa daga kowace kwamfuta a matsayin buga, ba da sudo ba.